Shukar Da Dilshada Ta Dawo Da Ita

Alhamis, 21 Disamba, bayan la'asar

Wannan littafin awon mutane ne, ba na surutu ba. Amma mutane sun daina kawo ɗinki, kowa a Srinagar ya shige feran ɗinsa, doguwar rigar ulun nan, sai sanyi ya wuce, ga shafuka a banza. Aji biyar na tsaya a makaranta. Malamin ya ce ko ni ko shi, na duba na ga shi ke da iyali. Duk wanda ya tsinci kuskure a rubutuna ya riƙe abinsa, na bar masa.

Yau kwana arba'in na babban sanyi suka fara. Jiya kuma 'yata Dilshada ta dawo daga Jammu. Ba waya, ba saƙo. Jaka ɗaya a kafaɗa, tukunyar shuka a ƙirji, ta naɗe rassan a wuya kamar mai tallan igiya. Shukar arziki ce, irin mai yaɗon nan da ke bin bango.

Na ce, "Shekara huɗu da suka wuce da babbar mota muka kai ki, yau kin dawo mana da ganyen miya?"

Ba wanda ya yi dariya. Uwarta, Zuna, ta taka min ƙafa, ta kuma murza.

Dilshada ta miƙo min tukunyar da hannun dama. Ta ce, "Abbu, kar ka bari ta mutu." Ta hau sama ta rufe ƙofa.

Ban tambaya ba. Uwarta ta ce kar in tambaya. Ni ma dama ban san da wane baki zan tambaya ba, bakin da nake da shi na wasa ne.

Juma'a, 22 Disamba, da hantsi

Na ɗora shukar a taga don ta sha haske. Na auna ta, tunda ni ban iya sanin abu ba sai na sa masa tef. Reshe bakwai. Mafi tsawo yadi uku da inci huɗu.

Maƙwabciyarmu Mugli ta shigo neman garwashi. Matar da ɗanta na Dubai ya gina mata hamam a gida, ɗakin da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, dutsen ɗakinta da ɗumi kamar cikin kyanwa, wai ita ce ba ta da garwashi.

"Zuna, na ji an ce kun yi baƙuwa. Ko da mai gidan suka zo? A'a? To, hutu ne ke nan. Hutun sanyi a nan? Mutane Jammu suke gudu, ita ta gudo nan?"

Zuna ta cika mata kangri, ɗan kaskon da ake rungumewa cikin feran, da garwashi har yana zuba, don ta tafi. Ta tsaya a taga tana yabon shuka, ta ce ganyen kamar an shafa musu mai.

Bayan ta fita na sake awo. Reshen ya ragu da inci goma sha takwas. Na nuna wa Zuna, ta ce to me? Kowa ya san shukar arziki ba ta kamawa in ba ka aka yi, sai ka sata. Na ce na sani, amma ban san ana satarta a gaban mai ita, da garwashinsa a hannu ba.

Lahadi, 24 Disamba, da safe

Dilshada ba ta sauko ba. Ganyen da ke jikin gilashi sun yi laushi kamar kunnen tsoho.

Talata, 26 Disamba, bayan azahar

Na yi tunani irin na mai aji biyar. Me ke hana ni mutuwa a sanyin nan? Feran da kangri. To me zai hana shuka? Na tura tukunyar cikin feran ɗina, na rungume ta da hagu, kangri da dama, na zauna a kan tabarma ina jin kaina likita.

Barci ya ɗauke ni. Ƙauri ya tashe ni. Ganye tara sun gasu, singiletina ta huje, cibiyata ta yi ja.

Zuna ta tsaya a kaina. "Shekara talatin ina jiran ranar da za ka cinna wa kanka wuta. Ban zaci da shaida za ka yi ba."

Na tsinke gasassun na ɓoye a ƙarƙashin keken ɗinki. Tiren abincin da aka kai sama ya dawo yadda ya tafi, sai shayin gishiri da aka kurɓa.

Juma'a, 29 Disamba, bayan la'asar

Na kai shukar hamam ɗin masallaci a cikin feran. Tsofaffin unguwa suna baje a kan dutse mai ɗumi, kowa yana gyara duniya da baki.

Rahim mai nama ya dubi cikina, ya kira ni da laƙabinmu na masu sana'a. "Wasta Kadir, wata nawa?"

Na ce, "Tara. Kuma an ce da kai yake kama."

Da na fito da ita, Sultan Kak ya matso. Shekara arba'in ya yi yana aikin lambu a bakin tafki, yanzu kunne ɗaya ya rage masa, shi ma na jin abin da ya ga dama ne. Ya juya ganyen.

"Wa ya yi mata wannan?"

"Sanyi, Kak."

"Sanyi ba ya ƙona ganye ta ƙasa. Wannan aikin jaki ne mai kangri."

Na ce jakin yana gaishe shi.

Ga abin da ya ce, na rubuta don kar in manta. 'Yar ƙasar zafi ce. In ma'auni ya sauka ƙasa da goma sai ta yi fushi, in ya kai biyar ta kwanta ciwo, in ruwa ya daskare a ɗakin a yi mata fatiha. A raba ta da gilashi. A ɗaga ta daga ƙasa a kan katako. A sa ta jikin bangon ciki, ba kusa da murhu ba, ba a bakin ƙofa ba. Ruwa sai in na tura yatsa gaɓa biyu na ji a bushe, kuma ruwan da ya kwana a ɗaki. A rufa mata mayafi kafin magariba, a yaye da hantsi.

Na ce, "Shi ke nan? Ba magani?"

Ya ce, "Abin da ya bugu ba a tasa shi gaba da kulawa. Ka ajiye shi inda iska ba ta kai, ka tsare ƙofa, ka yi shiru." Ya daɗe yana kallona, fiye da yadda maganar shuka take bukata.

Liman ya ce kar in ƙara kawo ta. Wai in ya bar shuka, gobe Rahim zai kawo tunkiya.

Litinin, 1 Janairu, da yamma

Na ɗinka wa tukunyar feran. Ragowar ulun wani lauya ne, toka-toka, na sa masa shafi da auduga. Har da wuya, har da aljihu. Rassan kuma na naɗe su a cikin kwando kamar taliya.

Ina cikin sa mata maɓalli na ji motsi a matakala. Dilshada ce a tsaye, cikin tsohon feran ɗin uwarta. Mataki huɗu ta sauko.

"Abbu, aljihun na mene ne?"

"Shukar arziki ce, 'yar nan. In ya zo, a ina za ta zuba?"

Gefen bakinta ya motsa. Wallahi ya motsa. Zuna ta ce ban ga komai ba, idona ne. Mataki huɗu dai na ƙirga.

Laraba, 3 Janairu, da safe

Famfo ya daskare. Na ƙona jarida uku a gindinsa, ya yi tari sau ɗaya ya koma barci. Ba ta sauko ba.

Juma'a, 5 Janairu, bayan azahar

Mutumin Jammu, mijin Dilshada, ya bugo. Ba zan rubuta sunansa ba, tawada ta yi tsada.

Ya tambayi lafiyata. Na ce lau, sai gwiwa. Ya tambayi sanyi. Na ba shi labarin sanyi na minti goma sha biyu, har da famfo, har da tsuntsun da ƙafarsa ta manne a wayar wuta. Ya ce hanya a rufe take, dutse ya zubo, in an buɗe kawunsa zai zo. Na ce Allah ya buɗe. Na ajiye.

Ban san Zuna tana bayana ba.

"Allah ya buɗe? Kai ranar ƙiyama ma tsayawa za ka yi kana ba mala'iku dariya. 'Yarka tana sama, kai kana ba shi labarin tsuntsu."

Na ce to me zan ce?

Ta ce, "Ka ga? Ita ce tambayar da ya kamata uba ya san amsarta."

Na tura yatsa a ƙasar tukunya. Da danshi. Ba abin yi a nan ma.

Talata, 9 Janairu, da hantsi

Ba zai yiwu ta ƙare sanyi a tsumman uwarta ba. Na ɗauki tef na hau sama na ƙwanƙwasa. Na ce tela ne, ba uba ba. Ta buɗe.

Awon aurenta yana shafi na sittin da biyu a littafin nan. Kafaɗa ta ragu da inci ɗaya. Ƙirji da uku. Ƙugu da huɗu. Na yi ta zuba, na ce in ta ci gaba haka yadin hula zai ishe ta.

Hannun dama, ashirin da biyu.

Hannun hagu na ce ta miƙe. Ta miƙe iya inda yake miƙuwa. Hannun rigar ya zame, na ga abin da aka yi wa hannun.

Na auna. Ban rubuta ba.

Laraba, 10 Janairu, da safe

Ban yi wasa da kowa ba jiya. Rahim ya aiko a tambaya ko na haihu.

Lahadi, 14 Janairu, bayan la'asar

Rediyo ya ce ƙasa da sifili da biyar. Tafki ya yi fata. Wuta tana zuwa awa biyu kamar baƙon da ake bi bashin gaisuwa, ta koma.

Amma shuka tana nan. Ta daina zubar da ganye. Ba ta girma, ba ta mutuwa, tana zaune cikin feran ɗinta kamar alƙali. Kullum kafin magariba in rufa mata mayafin Zuna, da hantsi in yaye in ce ina kwana.

Feran ɗin Dilshada ya kammala. Kore ne, na buɗa hannuwan sosai don kar su matse. Ta sa, ta sauko har ƙasa, ta zauna kusa da kwandon tana shafa ganye. Ta ci rabin gurasa. Waje dai ba ta leƙa ba. In ta ji muryar Mugli ta katanga sai ta koma sama.

Laraba, 17 Janairu, da yamma

An buɗe hanya. Wa ya roƙa? Ni.

Juma'a, 19 Janairu, bayan magariba

Sun zo. Kawun, Haji Sahab, da wani ƙanensa da bai ce komai ba sai cin gurasa. Mun sauke su a ɗakin baƙi, na hura musu murhu. Na ɗauko tukunyar na ɗora a cinya, don hannuwana su sami aikin yi.

Haji Sahab ya sha sigari uku kafin ya kai ga magana. Ya ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ya ce yaro ne, zuciya ce, ya yi nadama. Ya ce mutane suna magana. Sannan ya nuna tukunyar da sigarinsa ya yi dariya.

"Dubi ko shukar nan, Wasta. Wahala take sha a nan. Kowane abu da gidansa."

Na buɗe baki in ba shi amsa mai daɗi, irin wadda za a yi dariya a sha shayi. Na laluba ko'ina, babu. Shekara hamsin da takwas, yau aljihun ya zo wayam.

Sai na ji ina cewa, "Haji Sahab, ni ban yi karatu ba, tela ne. Na auna ta ranar da na ba ku. Na auna ta da ta dawo. Duka suna cikin littafi, ban da ɗaya, shi kuma ɗanku ya san shi. Ku dawo min da abin da ya ɓace, sannan mu yi maganar gida. Kafin nan tana gidanta."

Ƙanen ya ajiye gurasa.

Ba su tsaya cin abinci ba. Da suka fita Zuna ta buɗe tagar ɗakin don warin sigari ya fita, ta kama hannuna ta kai ni kicin kamar makaho, ta zuba min shayi. Ta sa min man shanu cokali biyu. Tunda muka yi aure ɗaya take sawa.

Asabar, 20 Janairu, da asuba

Na manta da shukar a ɗakin baƙi. Taga a buɗe.

Asabar ɗin dai, da hantsi

Ƙasar tukunya ta zama dutse. Ganyen sun yi baƙi, sun narke kamar dafaffen alayyafo. Feran ɗin kuwa ko ƙwarzane, maɓallansa a rufe tsaf.

Na kai wa Sultan Kak. Ya fasa reshe da farce daga sama har gindi, gaɓa bayan gaɓa, yana neman kore. Ya zare saiwar ya shinshina. Ya miƙo min feran ɗin.

"Wannan dai ka ajiye. Ɗinkin ya yi kyau."

Abu ɗaya yarinyar nan ta roƙe ni. Ɗaya.

Lahadi, 21 Janairu, da safe

Na gaya mata. Na shirya jawabi, har da inda zan yi tari, amma ta riga ta ga kwandon.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce a ɗakin jiran likitan haƙori ta sace ta, watan farko da zuwanta Jammu. Ta ce a duk gidan can ita kaɗai ce abin da ba wanda ya ce mata ga yadda za ta yi da shi. Ta yi kuka. Ni kuma na dubi silin, akwai aiki sosai a silin ɗin nan.

Da za ta hau sama ta tsaya. "Abbu, bangon ɗakin baƙi ba shi da kauri."

Na ce zan sa a gyara.

Ta ce, "A bar shi haka."

Talata, 23 Janairu, bayan azahar

Ina jujjuya littafin nan na faɗa kan 22 Disamba. Inci goma sha takwas! Suna gidan Mugli, a hamam, suna shan ɗumi.

Alhamis, 25 Janairu, bayan la'asar

Na je sata gidan Mugli. A rubuta, Wasta Kadir, mai jikokin 'yan'uwa, mai sahun farko.

Na ce na zo duba labulenta ne, na ga kamar ya saki. Ta ce labulenta lafiya lau. Na ce daga waje ba haka ya nuna ba. Ta shigar da ni hamam. Ga ta nan a kwalba a kan kanta, kore shar, saiwa fari tas, har da sabon ganye biyu. Marar kunya, ko alamar kewa babu.

Mugli ta juya ɗauko shayi. Na zaro almakashi. Hannun da ya yanka siliki shekara talatin da biyar bai taɓa karkacewa ba ya sake shi. Almakashi ya faɗi a dutse, ƙarar har masallaci.

Ta juyo. Ta dubi almakashi, ta dubi kwalba, ta dube ni.

"Haba Wasta Kadir. In so kake ai sai ka faɗa. Tsaya in ba..."

"Kar ki ba ni!" Na toshe kunnuwa. "Don girman Allah, Yaya Mugli, kar ki ƙarasa!"

In ta furta, shi ke nan, ta zama kyauta, ba za ta kama ba. Na fito da gudu ina waƙa da ƙarfi don kar in ji. Takalmi ɗaya na dawo da shi. Almakashina yana can.

Juma'a, 26 Janairu, da safe

Zuna ta ba da labarin a kan shayi, ta ƙara gishiri, wai har da faɗuwa a ƙanƙara. Sau ɗaya ne, kuma zama na yi.

Dilshada ta yi dariya har ta sarƙe. Wata guda da kwana shida. Na manta yadda take yi, ta hanci, irin tawa.

"Abbu, tela guda, a ce bai iya satar inci shida ba? Ka ba da masu sana'a."

Na ce in ta iya ta je mana.

Zuna ta nemi ƙafata a ƙarƙashin bargo, na janye.

Talata, 30 Janairu, bayan azahar

Ta je.

Ta sa koren feran, ta yafa mayafi, ta buɗe ƙofar gida da kanta. Jiya arba'in ɗin sanyi suka ƙare, unguwa duk a waje ana fasa ƙanƙarar bakin ƙofa. Ta gaida Rahim. Ta gaida matar mai gurasa. Ni ina leƙe ta taga, Zuna tana leƙe ta ƙarƙashin hammatata.

Awa ɗaya da minti goma. Na ɗinke aljihun wandon wani ta ciki da waje.

Ta dawo, ta rufe ƙofa, ta jingina. Ta sa hannun dama cikin faffaɗan hannun hagu, ta zaro reshe mai gaɓa uku. Ta sake zarowa, almakashina. Ta sake, takalmi.

Ta ce shayi kofi uku ta sha, tambaya kuwa ta fi talatin. Uwarta ta ce me kika ce mata? Ta ce, "Na ce na dawo gida. Ta sake tambaya, na sake faɗa. A na uku ta gaji." Daga nan wai Mugli ta ce bari ta duba tukunya a kicin, ta yi minti ashirin, alhali ba a ɗora komai ba. Almakashin kuma a gefen kwalbar yake, an goge shi, bakinsa a buɗe.

Ba a jima ba muka ji murya ta katanga.

"Ɓarayi! Gidan ɓarayi! Uba ɓarawo, 'ya ɓarauniya! Zuna, ki ce mata ta riƙa canja ruwan duk kwana uku, kuma ba na famfo mai sanyi ba!"

Juma'a, 9 Fabrairu, da hantsi

Saura ƙaramin sanyi, shi ma yana cizo, amma haƙoransa na madara ne. Mutumin Jammu ya bugo sau biyu. Dilshada ta ce in ya sake ita za ta ɗauka, kuma in tsaya kusa amma kar in ba da labarin tsuntsu.

Kwalbar tana jikin bangon ciki, a kan katako. Na rage mata feran ɗin lauya, yanzu ya zauna mata daidai. Aljihun na bar shi. An hana ni taɓa ta, an hana ni ba ta ruwa, an hana ni wucewa kusa da ita da kangri. Awo kawai aka bar min, shi ma ta bayan gilashi.

Saiwa: kwatan inci.

Kafaɗar Dilshada: ban auna ba. Amma ta cinye gurasarta biyu, ta miƙo hannu ta ɗauke rabin tawa. Da hagu.